Mangazar katako a Maraɗi: yadda aka ɗaure ginshiƙai da harsashi bayan gyara biyu sun ci tura

Wurin da tsarin ginin

Wani ɗan kasuwa mai sayen wake da aya a Maraɗi ya sa an yi masa mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a bayan gidansa. A baya danshin daɓen siminti ya sha ɓata masa buhunan da ke ƙasa, don haka ya ce wannan karon daɓen katako yake so, ɗage daga ƙasa, iska tana ratsawa ta ƙarƙashi.

Filin yana kan tudu, inda garin ya koma bayan ambaliyar 1945. Ƙasar rairai ce mai shanye ruwa da sauri, ba ta kumbura ta tsuke kamar lakar bakin gulbi. Tun daga farko har ƙarshe harsashin bai nutse ba, bai karkata ba. Duk abin da ya faru, daga saman bulo zuwa sama ya faru.

Tsawon ginin mita 6, faɗi mita 4. Magini ya zagaye shi da bulo mai rami na santimita 15, layi biyu a bisa ƙasa, wato tsayin santimita 42, ya ƙara wata gajeriyar katanga a tsakiya. Kafinta ya shimfiɗa katako mai kaurin santimita 5 a kan bulon a matsayin matashi, ya kama shi da ƙusar kankare. A kan matashin ya jera katakai masu santimita 5 da 15, tsaye bisa gefensu, tazarar santimita 45, su ne haƙarƙarin daɓen. Sannan ya rufe da alluna masu kaurin santimita 2.5.

Ginshiƙai 10 ne na jan katako, santimita 10 da 10: huɗu a kowane dogon gefe, tazarar mita 2, ɗaya kuma a tsakiyar kowane gajeren gefe. Bango da rufi duk kwano ne. Rufin ya leƙo da santimita 50 ta kowane ɓangare, ya zama mita 7 da 5. Ƙofa tana kallon gabas. Maginan gargajiya ba su cika son haka ba saboda ta nan ruwa ke bugowa, amma ta nan ne lungun da amalanke ke shiga yake.

Nuwamba: kafawar farko

An yi aikin bayan kaka, cikin gaggawa, don kaya sun riga sun fara shigowa. Katakon sabon saukewa ne daga motar da ta kawo shi daga Najeriya. Ba a shanya shi ba, zarto yana fitar da ɗanyen gari.

Sai da aka gama daɓen tukuna aka tsayar da ginshiƙai a kan alluna. Kowane ginshiƙi an buga masa ƙusa huɗu masu santimita 10 a karkace, daga gefensa zuwa cikin allo. Ba a daidaita jerin haƙarƙari da wurin ginshiƙai ba. Biyu sun faɗo a tsakanin haƙarƙari, ba komai a ƙarƙashinsu sai allon santimita 2.5. Biyu kuma sun hau bakin haƙarƙari da ɗan gefensu kawai. Sauran shida sun samu katako a ƙarƙashi.

Disamba zuwa Maris: hunturu da gyaran farko

A tsakiyar rani danshin iska a wannan yanki yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, kuma katako yana bin sa. A faɗi da kauri yake tsukewa, da kashi 4 zuwa 6 cikin 100 idan ya taso daga ɗanye, a tsawo kuwa da ƙyar ake lura. Abin da ke ƙarƙashin ginshiƙan nan duk katako ne a kwance: matashi, haƙarƙari da allo, jimillar santimita 22.5. A watan Maris wannan tsibi ya ragu da kusan santimita 1, kuma ba daidai ya ragu ba a ko'ina. Ƙarƙashin ginshiƙai uku an sami giɓin da bakin wuƙa ke shiga.

Allunan da ke ƙarƙashin ginshiƙai biyun nan marasa madogara sun tsage ta layin ƙusoshi, suka lotsa. Masu lodi kuma suna jingina buhuna da bango, nauyin yana tura gindin ginshiƙai waje.

Kafinta ya dawo ya cusa ɓaraguzan katako a giɓin, ya ƙara ƙusa huɗu a kowane ginshiƙi. Katakon ya riga ya bushe ƙamas, sai gindin ginshiƙai huɗu ya dare. Tsagar ɗaya ta kai santimita 15 sama.

Yuni: hadarin farko

Ruwan shekara a Maraɗi yana kusan milimita 500, akasarinsa tsakanin Yuni da Satumba, kuma hadarin farkon damina da iska mai ƙarfi da ƙura yake zuwa daga gabas. A lokacin an sayar da yawancin kayan, mangazar kusan wayam take. Iska ta ɓalle sakatar ƙofa ta cika ɗakin.

Da gari ya waye an tarar ginshiƙai uku na gefen gabas sun tashi sun sake zama a wani wuri dabam. Na kusurwa ya gusa da santimita 4. Ƙusoshin ba su karye ba, zarewa suka yi sumul, wasu suna nan maƙale a gindin ginshiƙi. Rufin bai tafi ba, amma ya murɗe, ƙofa ta daina rufuwa.

Yuli: gyara na biyu

An mayar da ginshiƙai wurinsu da jak na mota. A ginshiƙai shida na tsakiya an sa ƙananan ƙarafa masu kusurwa, bibbiyu, an ɗaure su da sukuru a jikin ginshiƙi da kuma cikin allo. A wurare huɗu an huda matashi har cikin bulo, aka sa ƙusa irin wadda ke buɗewa a cikin rami idan ana murɗa ta. Biyu daga ciki sun fasa bulon tun ana ɗaurewa, domin fatar bulo mai rami ba ta wuce ƴan santimita ba.

A kusurwoyi huɗu magini ya kafa akwati ya zuba kankare daga ƙasa har santimita 20 sama da daɓe. Kankaren ya haɗiye gindin ginshiƙi, da bakin matashi, da bakin alluna. Ba a sa wani ƙarfe da ya ratsa ginshiƙin ba. A ido aikin ya yi kama da mai ƙarfi, kuma mai mangazar ya biya ya gamsu.

Agusta zuwa Janairu: abin da gyaran ya haifar

A watan Agusta wata iska ta sake bugowa. Ginshiƙan ba su rabu da alluna ba wannan karon. Allunan ne suka rabu da haƙarƙari, a wani wuri kuma matashin kansa ya ɗaga daga kan bulo da kusan santimita 2, ƙusar kankare ta fito da ɓawon siminti a jikinta.

Kusurwoyin ba su motsa ba a daminar. Amma ruwan da ke gangarowa ta jikin ginshiƙi yana shiga tsakanin katako da kankare, ba shi da mafita. Da hunturu ya dawo katakon ya ƙara tsukewa, aka sami zobe na giɓi, milimita 3 zuwa 4, a kewayen kowane ginshiƙi. A watan Janairu an ga hanyar gara a jikin ginshiƙin kudu maso gabas. Da aka soka sukuddireba a gindinsa ta shige santimita 3 ba tare da an danna sosai ba.

An fasa wannan kankaren don a duba. Gara ta taso daga ƙasa ta tsagar da ke tsakanin sabon kankare da tsohon bulo, inda ido ba ya kaiwa, ta cinye bakin matashi, ta hau cikin ginshiƙi. A ƙarƙashin daɓen an kuma tarar da gutsattsarin katako da garin zarto da aka bari tun Nuwamban farko, duk gara ta lulluɓe su. Uku daga cikin ginshiƙai huɗu na kusurwa sun taɓu.

Fabrairu: lissafi kafin a taɓa komai

Wani mai kula da aikin gini da aka kira ya fara da awon ƙarfin da ginshiƙi zai riƙe. Ya ɗauki iska mai gudun mita 30 a daƙiƙa, wato kilomita 108 a awa, a matsayin abin da za a yi shiri dominsa. Irin wannan iska tana danna kusan kilo 55 a kan kowace murabba'in mita. Rufin murabba'in mita 35 ne. Idan ƙofa a buɗe take ta ɓangaren iska, ana tsotsar kwano daga sama ana kuma tura shi daga ciki, don haka ya ƙara kusan kashi 30 cikin 100. Abin ya kama wajen kilo 2,500 na ɗagawa. Ya cire nauyin rufi da katakansa, kimanin kilo 600. Saura kilo 1,900, kusan kilo 190 ga kowane ginshiƙi. Iska ta fi cizo a kusurwa, sai ya ɗauki kilo 400 ga ginshiƙan kusurwa.

Ƙusa huɗu da suka kama allon santimita 2.5 ba su kai riƙon kilo 100 ba ko da sabunta. Ƙusa mai santsi da aka buga a ɗanyen katako kuwa, idan katakon ya bushe, ƙarfin riƙonta yana iya sauka zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Shawararsa ita ce kowane ginshiƙi ya samu nasa tushen kankare mai nauyin da ya fi abin da iska za ta ɗaga, a haɗa su da ƙarfe kai tsaye, a fitar da daɓen daga tsakaninsu gaba ɗaya. Mai mangazar ya so a yi kusurwoyi kaɗai saboda kuɗi. Aka nuna masa cewa ginshiƙan tsakiya ne suka ɗaga matashi a Agusta, ya amince a yi duka.

Fabrairu zuwa Maris: aikin

An kwashe kaya, an tokare rufin da sandunan itacen turare daga ƙasa, an cire allunan da ke bakin bango. Ba a saki ginshiƙai duka a lokaci guda ba. An yi biyar, ana tsallake ɗaya, sai da suka ɗauki nauyi aka koma kan sauran.

A wurin kowane ginshiƙi an fasa bulo an haƙa rami. Na tsakiya santimita 50 da 50, zurfi 60, wanda ke ba da kankare mai nauyin kusan kilo 360. Na kusurwa santimita 60 da 60, zurfi 70, kusan kilo 600. Rairai yana zubowa idan ramin ya kwana a bushe, don haka ana jiƙa bakinsa a zuba kankare a ranar da aka haƙa. Daga kan wannan tushe an tayar da wuyan kankare mai santimita 25 da 25, tsayin santimita 62, wanda ya zo daidai da saman haƙarƙari, ya kuma ƙara kusan kilo 90. A cikinsa akwai rodi huɗu na milimita 10 masu ƙugiya da suka shiga tushen, da zobe na milimita 6 kowane santimita 15. In ba rodin nan, iska za ta iya ɗaga wuyan ta bar tushen a ƙasa.

Kwaɓin buhu ɗaya ne na siminti mai kilo 50, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa, ruwa kimanin lita 25. Jimillar kankaren ta kai kusan mita kubik 2.3, ta ci buhu 16.

Takalmin ƙarfe, wanda gindin ginshiƙi ke zama a cikinsa, shi ne zuciyar aikin. Mai walda ya yanka ƙarfe mai faɗin santimita 5 da kaurin milimita 6, tsawon mita 1.25, ya lanƙwasa shi gida biyu ya bar santimita 10 a tsakanin ƙafafuwan. Sanda mai mita 6 tana ba da huɗu, don haka sanda uku aka saya. Santimita 30 na ƙasan takalmin yana nutsewa cikin wuyan, da guntun rodi kwance a cikin lanƙwasar don kada ya zare. A tsakanin ƙafafuwan an yi waldar faranti mai santimita 10 da 10, wanda ke zama santimita 2.5 sama da kankare. A kan farantin ginshiƙi ke tsayawa, gindinsa ba ya taɓa siminti, ruwan da ya gangaro ya ɗiga ya wuce. Wannan tazara ta zo daidai da kaurin allon da ginshiƙan ke kai a da, shi ya sa ba a ƙara wa shida na tsakiya tsawo ba. Wanda tsagarsa ta yi nisa ne kawai aka canza, tare da na kusurwa huɗu, da katakon da ya shekara a inuwa.

An shafa wa ƙarfen fenti mai hana tsatsa shafi biyu, ban da ɓangaren da zai shiga kankare. Kafin zubi an ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, an daidaita tsayin farantan da tiyo mai ruwa, an kama kowane takalmi da katako a jikin akwati. Wannan mataki ne masu aiki suka fi raina wa, alhali takalmin da ya karkata ba ya gyaruwa bayan kankare ya kama. An yi wa saman wuyan ɗan gangare zuwa waje. Zafin Maris yana busar da kankare kafin ya yi ƙarfi, sai aka rufe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara, ana ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Ba a ɗora ginshiƙi ba sai bayan kwana 14.

Kowane ginshiƙi an ratsa shi da ƙusa mai noti guda biyu, milimita 12, ta cikin ƙafafuwan takalmin. Ta farko tana santimita 9 daga gindin katako, ta biyu santimita 10 sama da ita. Idan ta farko ta matso gindi fiye da ninki 7 na kaurinta, ƙarfin ɗagawa yana iya yage katakon ta nan. Ramin milimita 13 ne, an huda shi ta ɓangare biyu don ya haɗu daidai. An shafa wa gindin kowane ginshiƙi maganin gara kafin a ɗora.

Takalmi irin wannan yana hana tashi da gushewa, amma ba ya hana ginin karkata. Don haka an sa tokara a gicciye daga ginshiƙi zuwa katakon sama a kowace kusurwa, ta fuska biyu, an kuma ɗaure kan kowane ginshiƙi da katakon sama da ɗamarar ƙarfe, haka ma katakan rufi. An canza sakatar ƙofa, aka ƙara wata a ƙasa.

Daɓen ya koma yana ɗaukar buhuna kawai. An yanka matashi guntu-guntu a tsakanin wuyoyin, kowane kusan mita 1.75. An cika ramukan bulo da kankare a inda za a kama shi, an dasa sandar ƙarfe mai zare ta milimita 10 mai ƙugiya, biyu ga kowane guntu, santimita 25 daga kowane baki, da washa mai faɗi a ƙarƙashin noti. Tsakanin bulo da matashi an shimfiɗa leda mai kauri da zirin kwano wanda ya leƙo da santimita 5, an lanƙwasa bakinsa ƙasa. Kwanon ba ya kashe gara. Yana tilasta mata ne ta fito fili ta zagaya shi, inda za a ga hanyarta. Haƙarƙarin da ya ci karo da wuya an gusar da shi, an ƙara wani a ɗaya gefen. An bar giɓin santimita 1 tsakanin alluna da takalmin, an sa guntayen katako a ƙarƙashi su tallafi bakin allunan. An share ƙarƙashin daɓen tas, an buɗe tagogin iska biyu a kowane dogon gefe, da raga saboda ɓera. A ciki kuma an ja layi da fenti, santimita 30 daga bango, wanda buhu ba zai tsallake ba.

Yuni zuwa Oktoba: damina ta biyu

Kafin ruwan farko an yi alama da fensir a inda kowane ginshiƙi ya haɗu da takalminsa. An yi hadari masu iska a Yuni da Yuli, ɗaya ya kwashe rufin wata rumfa a lungun. A watan Oktoba alamun suna nan inda suke, igiya mai nauyi ta nuna ginshiƙan a miƙe. Gindinsu a bushe yake. An ga hanyar gara guda ɗaya a jikin bulo ta ɓangaren arewa, ta tsaya a bakin kwano, aka kankare ta aka zuba magani.

Abin da ya sa wannan ya riƙe, waɗancan suka kasa

Kafawar farko da gyare-gyaren biyu kuskure ɗaya suka maimaita. Ƙarfin da ke neman ɗaga rufi dole ya bi hanya har ƙasa, kuma hanyar da aka ba shi ta ratsa mahaɗa huɗu: ginshiƙi da allo, allo da haƙarƙari, haƙarƙari da matashi, matashi da bulo. Duk ƙusa ce ke riƙe da su, kuma duk ana jan ta ne ta hanyar da aka buga ta, inda ta fi rauni. Gyaran Yuli ya ƙarfafa mahaɗar farko, sai ta biyu da ta huɗu suka saki. Ƙusa mai noti da ta ratsa ginshiƙi a gicciye ba ta zarewa, sai dai ta lanƙwashe ko ta yage katakon, kuma bushewar hunturu ba ta rage mata riƙo yadda take rage wa ƙusa mai santsi.

Binne gindin ginshiƙi a kankare ya fi kowane mataki tsada a ƙarshe, domin shi ya ci ginshiƙai uku. Nauyin kankaren ne ya hana kusurwoyin motsi a damina ɗaya. Da an ƙara shekara, katakon da ya tsuke ya ruɓe zai zare daga ramin, tunda ba ƙarfen da ya ratsa shi.

Ba lallai ne kowane gini irin wannan ya sami tushe dabam ga kowane ginshiƙi ba. Da tun farko an zuba ɗamarar kankare mai rodi a saman bulon, an ɗaure ta da harsashi, da a cikinta za a dasa takalman, aikin ya zo da sauƙi. Haka kuma ana iya tsayar da ginshiƙi a kan daɓe idan an cika ƙarƙashinsa da katako a tsaye har kan matashi, aka kuma zaro ɗamarar ƙarfe daga kankare ta ratsa daɓen ta kama jikinsa. A nan bulo mai rami layi biyu ba shi da nauyin da zai riƙe kilo 190 a wuri guda, shi ya sa aka zaɓi tushe dabam.

Abu biyu suka rage a kan mai mangazar. Ginshiƙan za su ci gaba da ɗan tsukewa, don haka ana bin notuna 20 ɗin da sifana a ƙarshen kowane hunturu, kafin hadarin farko. Matashin da ke kan katangar tsakiya kuma har yanzu na farko ne, ba leda ba kwano a ƙarƙashinsa. An tsara canza shi a bazara mai zuwa idan an kwashe kaya.